Yaushe Ya Kamata a Yanki Ciyawa da Harawa Idan Ruwa Ya Ƙi Ɗaukewa?

Wani ɗan'uwa da ke noma da kiwo a yankin Zariya ya aiko da tambaya mai muhimmanci. Ya ce yana da fili na gamba da kyasuwa da ya killace domin ingirici, yana da gonar gyaɗa mai saurin nuna wadda ya shuka a watan Yuni, sannan akwai wake a cikin dawarsa, kuma da waɗannan duka yake ciyar da ragunan turke da shanun huɗa har ƙarshen rani. Ga shi Satumba ta ƙare, amma ba a kwana uku ba tare da an yi ruwa ba. Abin da yake son sani shi ne ko ya sa lauje yanzu ya yi kasadar ruwa ya doki abin da ya yanka, ko kuwa ya haƙura har sama ta washe.

Malam, Allah ya albarkaci noma da kiwo. Amsata a taƙaice ita ce kada ka jira ruwa ya ɗauke gaba ɗaya, kuma kada ka yanke komai a rana guda. Dalili kuwa shi ne asarar da jira ke jawowa tabbatacciya ce, tana ƙaruwa kullum ko an yi ruwa ko ba a yi ba, alhali asarar da ruwa ke jawo wa yankakkiyar ciyawa abu ne da manomi ke iya ragewa da dabara. Sai dai abubuwa ukun da ka lissafa ba hukuncinsu ɗaya ba, don haka zan ɗauke su yadda gaggawarsu take.

Mu fara da ciyawa, domin a nan ne mutanenmu suka fi yin asarar da ba sa gani. Ido yana son ciyawa doguwa mai cika amalanke, amma cikin dabba ba tsawo yake nema ba. Muddin gamba ko kyasuwa tana cikin ganyenta, ba ta fid da kai ba, furotin ɗin da ke cikinta kan kai kashi 8 zuwa 12 cikin 100 na busasshen nauyinta. Da zarar ta fid da kai ta fara huda, sai shukar ta juya ƙarfinta zuwa ga kara da iri, karan ya yi tauri, ganyen ƙasa ya bushe ya zube, furotin ya yi ta sauka har ya koma kashi 2 zuwa 3 a ciyawar da ta bushe a tsaye. Wannan lissafi yana da nauyi saboda ƙwayoyin halittar da ke cikin tumbin saniya ko rago, waɗanda su ne ainihin masu narkar da ciyawa, suna bukatar abinci mai furotin kusan kashi 7 kafin su yi aikinsu sosai. Idan abincin ya gaza haka, dabba takan rage ci, kuma ɗan abin da ta ci ma ba ya narkewa yadda ya kamata. Shi ya sa za ka ga sa yana tsaye a gaban tulin ciyawa a watan Maris amma haƙarƙarinsa a waje. Mai shi yana ganin ya tanadi abinci, alhali abin da ya tara ya fi kusa da ciyawar jinka.

Saboda haka lokacin yankan ingirici shukar ce ke faɗarsa, ba kalanda ba: daga sanda ta ɗauki ciki, kan yana shirin fitowa, zuwa sanda kaɗan daga cikin filin ya fara huda. Kyasuwa tana saurin wuce wannan mataki, kuma a ƙarshen Satumba mai yiwuwa taka ta riga ta kai ko ta ɗan gota, don haka ita ce ta farko. Gamba takan ɗan jinkirta, tana fid da kai daga ƙarshen Satumba zuwa cikin Oktoba, wato kana da 'yan kwanaki a kanta, amma ba makonni ba. A nan karin maganar nan ta "a bari ya huce shi ke kawo rabon wani" ta dace ƙwarai, domin abin da aka bari a fili, ko bai tsufa ba, ga dabbobin da ake saki bayan girbi, ga kuma gobarar daji.

To, me ruwa ke yi wa ciyawar da aka riga aka yanka? Ɗanyar ciyawa kusan kashi 75 zuwa 80 cikin 100 nata ruwa ne, kuma ba ta ajiyuwa lafiya sai damshinta ya sauko zuwa kusan kashi 15. Ma'ana, a cikin kilo 100 na ɗanyar ciyawa, fiye da kilo 70 na ruwa ne za su fita kafin a ɗaure dami. A ranakun agazari masu zafin rana, ciyawa mai siririn kara da aka baza sosai kan yi wannan a kwana biyu zuwa uku, mai kaurin kara kuma ta fi haka. Abin da mutane da yawa ba su lura da shi ba shi ne, ba kowane ruwa ne ke yin ɓarna iri ɗaya ba. Ruwan da ya sauka a kan ciyawa 'yan sa'o'i bayan an yanke ta, tana ɗanya shar, ɓarnarsa kaɗan ce, domin ƙwayoyin ganyen suna raye, suna riƙe da abin da ke cikinsu. Ruwan da ya doke ta a rana ta biyu ko ta uku, bayan ta kusa bushewa, shi ne mai cutarwa, saboda yana wanke zaƙin da ke cikinta da wasu sinadarai masu narkewa, ya bar zare, ya kuma buɗe ƙofa ga funfuna. Haka nan yayyafi mai daɗewa ya fi ruwa mai ƙarfi na rabin sa'a wankewa. Wannan ya sa nake ba da shawarar da wasu ke jin ta baƙuwa: ranar da ta fi dacewa da yanka ita ce washegarin babban ruwa, idan gari ya waye tas, ba ranar da aka riga aka kwana uku ana rana ba, domin a lokacin an cinye tazarar da ake da ita kafin hadari na gaba.

Ruwan ƙarshen damina kuma ba irin na marka ba ne. Yawanci hadari ne da ke tasowa daga gabas da yamma ko cikin dare, da iska mai ƙarfi, ya zuba ya wuce, sannan a sami rana mai zafi a tsakani. Wannan hali nasa shi ne damarka. Ka riƙa bibiyar hasashen yanayi na 'yan kwanaki da hukumar NiMet ke fitarwa, amma ka ɗauke shi a matsayin haske kan yanki baki ɗaya, domin irin wannan hadari yakan jiƙa ƙauye ɗaya ya tsallake na kusa da shi. Abin da ya fi hasashe amfani shi ne ka yanki daidai abin da kai da masu taya ka za ku iya tattarawa ku rufe a cikin sa'a ɗaya idan gabas ta haɗe. Idan filin kadada ɗaya ne, raba shi huɗu ko biyar. Ko da ruwa ya ci kashi ɗaya, sauran sun tsira.

Yadda ake yankan ma yana da tasiri. A bari raɓa ta ɗauke tukuna, wajen hantsi, don kada a kwantar da jiƙaƙƙiyar ciyawa a kan jiƙaƙƙiyar ƙasa. A ɗaga lauje sama, a bar kututture kamar taƙi ɗaya, wato santimita 15 zuwa 20. Wannan kututturen shi ne zai ɗauke ciyawar daga laka, iska ta riƙa ratsawa ta ƙarƙashi, kuma gamba, da yake ba ta mutuwa da rani, ta fi saurin farfaɗowa idan ba a aske ta ƙasa ba. Kyasuwa kuwa daga iri take tsirowa kowace shekara, saboda haka ka bar wani yanki na filin ya nuna ya zubar da iri, in ba haka ba baɗi za ka tarar filin ya koma wa ciyayin da dabba ba ta so. A baza ta siririya, a juya ta da manjagara sau ɗaya ko biyu a yini, da yamma kuma a tara ta ƙananan tsibi don raɓar dare, wadda ke da nauyi a Oktoba, ta taɓa samanta kawai. Idan kana da rumfa mai rufin kwano wadda iska ke ratsawa, to da ciyawar ta yi yaushi sosai ka kwashe ta can ta ƙarasa bushewa a kan gadon itace. Tamfal kuma rufin sama ne na ɗan lokaci. Wanda ya naɗe ciyawa mai damshi da leda ya bar ta a rana, ya dafa ta ne.

Gyaɗa ita ce ta biyu a gaggawa, kuma a ganina za ta iya zama ta farko idan ta riga ta nuna. Nau'o'i masu saurin nuna, irin su SAMNUT 24 da ke kaiwa cikin kusan wata uku, idan an shuka su a Yuni dole girbinsu ya faɗo a cikin ruwa. Jira a nan asara biyu ce. Damshi yana ƙarfafa cutar ɗigon ganye, wadda ke sa ganyen gyaɗa ya yi tabo baƙi ya kaɗe, ga shi kuma darajar harawa a ganyenta take, domin a nan mafi yawan furotin yake. Harawar da ta zama tsirarun sanduna ba ta da kuɗi a kasuwa, ba ta da amfani a turke. Sannan da yawa daga cikin masu saurin nuna ba sa jinkirin tsira, sai ka tarar ƙwayar ta fara tsirowa a cikin ƙasa. Ka tuge 'yan tushe daga wurare daban-daban, ka ɓare. Idan kusan kashi 70 zuwa 80 na kwanson sun yi duhu daga ciki, ƙwayar ta cika, lokaci ya yi, ko da sama ba ta washe ba. Bayan cira, a kifar da ita a kan kunya, 'ya'yan suna kallon sama, kada a jibge ta tsibi guda. Wanda ya fi wannan shi ne a haɗa itatuwa kamar tsaikon ɗaki, a rataya gyaɗar a jiki, 'ya'yan suna ciki ganyen yana waje, a bar rami a tsakiya don iska. Ruwa zai riƙa gangarewa ta waje kamar yadda yake yi a jinka. Wannan ɗawainiya ba don harawa kaɗai ba ce, domin gyaɗar da ta daɗe da damshi ita ce funfuna mai haifar da gubar afalatoksin ke kamawa, kuma wannan guba tana cutar da mutum da dabba, har takan bi ta nonon saniyar da ta ci gurɓataccen abinci.

Wake shi ne wanda zan ce ka kwantar da hankalinka a kansa, idan irin na gida ne mai yaɗo kamar kanannado. Shi ba ya huda sai yini ya fara gajarta, kuma ba ya kaiwa roro sai wajen Nuwamba, lokacin da iskar hunturu ta fara kaɗawa. Abin kiyayewa kawai shi ne a yanke harawar bayan roro tun ganyen yana kore a jiki, a naɗe ta da sassafe ko da yamma sanda take da laushi, domin idan aka motsa ta da tsakar rana ganyen marmashewa yake yi ya zube a gona.

Yanzu ga abin da na fi so ka riƙe, wato tabbatar da bushewa kafin ajiya, domin a nan ne na ga an yi asarar da ta fi ta fili ciwo. Wata shekara mai irin wannan ruwa na ziyarci wani manomi da ya yi ƙoƙari ƙwarai, ya yanki ciyawarsa a kan lokaci, amma tsoron hadari ya sa ya ɗaure ta ya jibge a ɗaki tun ba ta gama bushewa ba. Da muka buɗe ƙofar bayan kwana goma, wani ɗumi mai warin taba ne ya fara tarbar mu. Na cusa hannu a tsakiyar tulin har gwiwar hannu, ban iya barinsa ciki ba. Da muka warware damin, waje kore ne gwanin kyau, ciki kuwa ya koma ruwan ƙasa, ga farar ƙura tana tashi. Ya tsaya yana jujjuya shi a hannu, ya daɗe bai ce komai ba. Abin da ya faru shi ne, ciyawar da damshinta ya haura kashi 20 tana ba ƙwayoyin funfuna da na bakteriya wurin zama, numfashinsu yana haifar da zafi, zafin yana ɗaure furotin ta yadda dabba ba za ta iya narkar da shi ba, ko da kuwa tana cin irin wannan ciyawa da marmari. Idan zafin tsakiyar tuli ya wuce digiri 55 a ma'aunin Salshiyas, to a sa ido; idan ya haura 70, wuta na iya tashi da kanta ba tare da kowa ya ƙyasta ashana ba.

Gwajin ba ya bukatar na'ura. Ka ɗebo cikin hannu daga tsakiyar tsibi, ba daga sama ba, ka murɗe shi da ƙarfi: idan ya yi ƙara, wasu karare suka karye, babu alamar danshi a tafin hannunka, ya yi, idan ya lanƙwashe kamar igiya yana sanyi, da saura. A harawa kuma ka kankare bawon kara da farce, in ya saɓule cikin sauƙi to akwai ruwa a ciki. Wasu kan yayyanka kaɗan su zuba a busasshiyar kwalba da cokali ɗaya na busasshen gishiri su girgiza; idan gishirin ya dunƙule ya manne, ba ta bushe ba. Bayan an ajiye, a makonni uku na farko ka riƙa soka rodi a tsakiyar tulin, ka bar shi kamar minti 20, ka zaro ka taɓa. Idan hannu ba ya iya riƙe shi, a warware tulin a hankali, da ruwa a kusa. Ita ajiyar kanta a yi ta a kan gado mai tsayi daga ƙasa saboda damshi da gara, kuma a inuwa. Na san al'adarmu ce ɗora harawa a kan soro ko a reshen itace, kuma hakan yana tsare ta daga awaki da gara, amma a shekarar da ruwa bai gama ba, a jinkirta wannan, ko a yi mata hula ta zana.

Akwai kuma hanyar da ba ta bukatar kwana uku na rana sam, kuma ita ce nake ganin ta fi dacewa da irin wannan shekara. Manoman Turai da Amurka suna fuskantar irin matsalarka a yankan farko na watannin Mayu da Yuni, kuma akasarin masu shanun madara a can sun warware ta ne ta hanyar tsima ciyawa, abin da malaman gona ke kira sailej. A nan gida ma cibiyar binciken dabbobi ta NAPRI da ke Shika, kusa da kai, ta daɗe tana aiki kan noman ciyawa da adana ta. Hikimar ita ce a hana ciyawar iska, sai ƙwayoyin bakteriyar da ke jikinta su mayar da zaƙinta tsami, tsamin ya tsare ta daga ruɓewa. Ana yanka, a bar ta ta yi yaushi na rabin yini ko yini ɗaya har damshinta ya sauko zuwa kashi 60 zuwa 70, wato idan ka matse yankakkiyar a hannu ba ta ɗigar da ruwa, kuma in ka saki tana warwarewa a hankali. A sassara ta gajeru kamar gaɓar yatsa, a zuba a durom na roba, ko leda mai kauri, ko rami da aka shimfiɗa wa leda a wuri mai tudu, ana zubawa ana tattakewa sosai, a rufe a ranar ba tare da an bar kafar iska ba. Bayan mako uku zuwa shida ta tsimu, kuma muddin ba a huda ta ba za ta kai ka bazara. Masara da dawa sun fi kowa dacewa da wannan saboda zaƙinsu. Gamba da kyasuwa zaƙinsu kaɗan ne, don haka a riƙa barbaɗa dusar masara tsakanin shimfiɗa da shimfiɗa. Harawa ita kaɗai ba ta tsimuwa da kyau, sai an gauraya ta da masara ko dawa. Mai kyau tana da ƙanshin tsami mai daɗi da launin kore mai ratsin rawaya. Wadda ta yi baƙi, tana yauƙi, tana wari, a zubar. Ka fara da durom biyu ko uku a bana don hannunka ya faɗa, kada ka zuba duk abin da ka mallaka a gwajin farko.

Gargaɗi ɗaya da ruwan ƙarshe ke sa ya zama dole: dawar da aka yanka takan sake tofo idan ƙasa tana da damshi, kuma makiyaya sun daɗe da sanin cewa gyauron dawa yana kashe dabba. Ƙaramin tofon yana ɗauke da guba mai saurin kisa, musamman kafin ya wuce tsawon gwiwa. Kada a saki dabbobi a kansa, kuma in an yanke shi, sai ya bushe sarai ko ya tsimu kafin a ba su.

Idan duk da ƙoƙarinka ruwa ya doki wani kaso, kada ka yi saurin zubarwa. Ciyawar da ruwa ya taɓa sau ɗaya, aka baza ta ta bushe ba tare da funfuna ba, launinta ya dushe amma har yanzu ta fi wadda ta tsufa a tsaye. Ka ware ta daban, ka fara ciyar da ita tun farkon rani ga shanun huɗa da sauran manyan dabbobin da ba sa aiki, tare da ɗan dusa ko ƙuli. Wadda ta yi funfuna kuwa kada ta kusanci doki, ko dabba mai ciki, ko mai shayarwa, ko 'yan ƙanana. Mai kyan, kore mai ganye da ƙanshi, ita za ka ɓoye. Babbar Sallah a 'yan shekarun nan tana faɗowa ne tsakanin ƙarshen bazara da farkon damina, wato watannin turka sun yi daidai da Maris, Afrilu da Mayu, lokacin da harawa ta fi tsada. Rago mai kilo 40 yana cin busasshen abinci kilo 1 zuwa 1 da rabi a yini, don haka ka ƙirga ragunanka, ka ninka da kwanakin turka, ka cire abin da dusa da ƙowa za su ɗauke maka, sannan ka keɓe wannan adadin daga mafi kyawun harawarka tun ranar da za ka ɗora ta a gado.